Maganin homon bayan yankewar haila: a rage, a canza, ko a ƙara haƙuri?

Maman_Walida

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a wannan zaure ban ce uffan ba, amma yau larura ta sa zan nemi shawararku. Shekaruna 52, ina zaune a Anguwan Rogo, kuma rabona da ganin haila ya kai wata 16. Abin da ya kai ni asibiti shi ne zafin nan da ke tasowa daga ƙirji ya hau wuya da fuska. Ko a cikin sanyin Disamba na garin Jos, lokacin da kowa ke neman bargo biyu, ni sai in farka ƙarfe biyun dare rigar barcina ta jiƙe sharkaf. Ni malamar makaranta ce, kuma akwai ranar da na tsaya gaban allo da alli a hannuna, kalmar da zan rubuta ta ɓace mini gaba ɗaya, yara suna ta kallona.

Likitar mata ta ɗora ni a kan maganin homon, wato sinadaran jikin mace da ke raguwa bayan yankewar haila: ƙwayar istirojin ta miligiram 2 da safe, da kafson furojestaron na miligiram 100 da dare. Yau mako bakwai ke nan. Zafin ya ragu sosai kuma barci ya dawo, Alhamdulillahi. Sai dai mamana sun yi tsami har ba na son riga ta taɓa su, ina jin tashin zuciya da safe, cikina yana kumbura, sau biyu kuma na ga ɗigon jini. Kafson daren yana sa in tashi sallar asuba kaina ya yi nauyi. Ranar komawata asibiti da sauran mako shida. Shin in raba ƙwayar safen gida biyu, ko in ajiye kafson daren zuwa lokacin da zan ga likita? Wadda ta taɓa shiga irin wannan ta taimaka mini.

Hajiya_Rayfield

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Duk abin da kika lissafa na gan shi a farkon nawa, musamman tsamin mama da tashin zuciya. Nawa ya lafa ne wajen mako na goma, ba tare da an canza mini komai ba. Likitoci sukan ce a ba jiki wata uku kafin a yanke hukunci, shi ya sa ake sa ranar dubawa ta farko a daidai wannan lokaci. Ki gwada shan ƙwayar safen bayan kin karya kumallo maimakon a kan yunwa.

Sista_Ladi_Bukuru

Maman Walida, na yi aikin jinya a ɗakin mata shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma ina roƙonki da babbar murya kada ki ajiye kafson daren. Istirojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi ta kauri. Aikin furojestaron shi ne ya hana wannan kaurin wuce iyaka, domin idan ya wuce yana iya komawa sankarar mahaifa. Duk macen da mahaifarta ke nan, ba a ba ta istirojin na sha, na shafawa ko na mannawa shi kaɗai. Wadda aka cire wa mahaifa ce ake iya ba wa shi kaɗai.

Game da nauyin kai, kafson yana sa barci, shi ya sa ake sha da dare. Idan aka sha shi daf da cin abinci, jiki yana tsotsarsa fiye da yadda zai tsotsa a kan cikin da ba komai, sai jirin ya fi yawa. Idan kina cin tuwon dare ƙarfe tara sannan ki bi shi da kafso nan take, ki gwada cin abincin da wuri, ki bar kamar awa biyu tsakani, ki sha lokacin kwanciya. Ɗigon jini a cikin wata uku zuwa shida na farko abu ne da aka saba gani, amma ki rubuta ranakun a takarda ki nuna wa likita. Idan ya yi yawa, ko ya zo da ciwo, ko kina ganinsa bayan saduwa, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Ummu_Hafsat72

Ni a gaskiya ban ga dalilin da zai sa mace ta ɗora wa kanta wannan magani ba. Iyayenmu da kakanninmu duk sun wuce wannan lokaci ba su sha komai ba, kuma an ce yana kawo sankarar mama. Ni zoɓo mai sanyi da rage yaji na riƙe, ina kuma lafiya.

Anti_Talatu

Ummu Hafsat, ki gode wa Allah da naki ya zo da sauƙi, amma ba kowa ce haka ba. Mahaifiyata ta yi shekaru tana kwana zaune a tsakar gida da mafici a hannu, mu muna ɗauka hawan jini ne ko kuwa iska, ita kuma kunya ba ta bar ta ta faɗa mana ba. Ashe wahala suka sha, ba su dai faɗa ba ne. Daga baya ta zame a bayan gida ƙashin kwankwasonta ya karye, likita ya ce ƙashinta ya yi rauni ƙwarai. Ƙarancin istirojin bayan yankewar haila yana cikin manyan abubuwan da ke cinye ƙashin mace.

Dakta_Binta_J

Bari in sa baki a kan maganar sankara, domin tsoron yana da asali kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. A shekarar 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata da ake kira WHI a Amurka, wanda ya ƙunshi mata sama da 16,000, saboda an ga ƙarin sankarar mama da daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki a cikin masu shan haɗin homon biyu. Labarin ya karaɗe duniya, mata da yawa suka daina, likitoci da yawa suka ji tsoron rubutawa. Abin da bai bazu kamar haka ba shi ne matsakaicin shekarun matan da aka bincika 63 ne, da yawansu sun daɗe da daina haila, kuma nau'in maganin da aka ba su ya bambanta da wanda aka ba Maman Walida. Da aka sake duba sakamakon bisa shekaru, sai aka ga cewa ga mafi yawan mata masu lafiya da suka fara kafin shekara 60, ko cikin shekara goma da yankewar haila, amfanin ya rinjayi haɗarin.

Ban ce babu haɗari ba. Haɗin istirojin da furojestaron yana ƙara yiwuwar sankarar mama kaɗan, kuma ƙarin yana tafiya da tsawon shekarun da aka yi ana sha. Wadda ta taɓa yin sankarar mama, ko mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, ko mai ciwon hanta da bai warke ba, ba a ɗora ta a kansa haka nan. Mai hawan jini kuma sai an daidaita shi tukuna.

Maman Walida, ba zan iya canza miki magani daga nan ba tunda ban duba ki ba. Amma tsamin mama da tashin zuciya sukan nuna ko dai jiki bai gama sabawa ba, ko kuma adadin ya yi yawa, kuma akwai ƙwayar miligiram 1. Ki nemi a matso miki da ranar ganin likita, ya fi ki riƙa raba ƙwaya da wuƙa.

Maman_Walida

Na gode Sista Ladi, na gode Dakta. Wallahi ban san aikin kafson ke nan ba, na ɗauka don barci kawai aka ba ni. Daren jiya har na riga na tsallake shi. Zan ci gaba da sha.

Zinariya_Gangare

Ni tashin zuciyar bai taɓa barina ba sai da aka raba ni da ƙwaya aka mayar da ni kan man shafawa, Oestrogel. Dama ina da ciwon kan ɓari ɗaya, kuma ina da jiki, sai likita ta ce wanda ke shiga ta fata ya fi dacewa da ni saboda ba ya bi ta hanta kamar na sha, kuma bai da haɗarin daskarar da jini irin na ƙwaya. Abin da na fi so game da shi shi ne sauƙin daidaitawa. Na fara da matsi ɗaya, bayan wata uku zufar dare ba ta tafi ba aka mayar da ni biyu, a nan na tsaya shekara biyu ke nan.

Kuskuren da na yi da farko shi ne ina shafawa a hannu bayan wankan safe, sai in zo in yi alwalar walaha in wanke rabinsa ban sani ba. Yanzu a cinya nake shafawa, in tsaya minti biyar ya bushe kafin in ɗaura zane, in wanke hannuna sosai kafin in ɗauki jikata. Ba a shafa shi a mama.

Hauwa_Kubwa

Ni 'yar Jos ce amma aiki ya kai ni Abuja, kuma filastar mannawa nake amfani da ita, Evorel 50, ana canzawa sau biyu a mako. A gida Jos ba ta taɓa ba ni matsala ba. A Abuja kuwa, da zarar zafin Maris da Afrilu ya shigo, gumi yakan ɗaga gefenta kafin kwana biyu, wani lokaci in same ta a cikin zanin gado. Sai na ga zafin jikin ya dawo, na ɗauka adadin ne ya yi mini kaɗan, har na je ina neman a ƙara mini zuwa 75. Likitan ya tambaye ni inda nake mannawa da ko ina shafa mai a wurin. Ashe man da nake shafawa bayan wanka ne da gumin suka haɗu. Yanzu a saman ɗuwawu nake sawa, a busasshiyar fata ba mai, in danna da tafin hannu na ɗan lokaci, kuma ina sauya gefe kowane karo. Ba a ƙara mini komai ba, abin ya daidaita.

Anti_Talatu

Hauwa, wannan darasi ne babba. Ni ma sai da na fahimci cewa kafin a ce magani bai yi ba, a fara duba ko yana shiga jikin yadda ya kamata.

Gwaggo_Rikkos

Duk kuna maganar daidaitawa, ni matsalata samun maganin ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin maganin waje ya yi tashin gwauron zabo. Sau uku ina zuwa kantin maganin da na saba a wajen Taminus a ce mini ya ƙare, su miƙo mini wani suna daban su ce duk ɗaya ne. Na karɓa sau ɗaya, ashe wanda ake sha bi da bi ne mai kawo jini duk wata, ni kuma na shekara huɗu ban ga jini ba. Ranar da na gan shi na tsorata ƙwarai. Yanzu ba na karɓar canji sai na ɗauki hoton kwalin na nuna wa likita, ina kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai watan da na yi kwana ashirin babu magani, zufar ta dawo kamar ban taɓa sha ba.

Sista_Ladi_Bukuru

Gwaggo, abin da ya same ki yana samun mata da yawa, don haka bari in fayyace. Tsari biyu ne. Wadda har yanzu haila ke zuwa mata jefi-jefi, ko ba ta cika shekara da yankewa ba, ana ba ta istirojin kullum, furojestaron kuma na kwana 12 zuwa 14 a wata, sai ta ga jini bayan ta gama. Wadda ta cika shekara ana iya ba ta duka biyun kullum, kuma manufar ita ce kada ta ga jini. Maman Walida tana kan na biyun. Mai kanti ba shi da hurumin mayar da mace daga wannan zuwa wancan.

Ummu_Hafsat72

To ga wata tambaya da ba wadda ta taɓo. Wannan jinin da magani ke kawowa, haila ce ko jinin ciwo? Mace ta bar salla da azumi ko ta ci gaba? Wannan ma yana cikin abin da ya sa nake gudun abin.

Malama_Asabe

Ummu Hafsat, tambayarki tana kan hanya. Abin da muka karanta a fiƙihun Malikiyya shi ne jinin da mace ta gani bayan shekara 70 ba haila ba ne, tsakanin 50 da 70 kuma ana komawa ga mata masana su duba, sannan haila ba ta wuce kwana 15. Amma jinin da magani ya jawo bayan haila ta riga ta yanke, na ji malamai sun saɓa a kansa, kuma ba zan ɗauki nauyin yanke hukunci a zaure irin wannan ba. Shawarata ita ce mace ta fara tambayar likitarta daga ina jinin yake fitowa kuma me ya kawo shi, sannan ta kai wannan bayani ga malamin da ta amince da shi. Da yawa muna zuwa wurin malam da rabin labari saboda kunya, sai a ba mu amsar da ba ta dace da halinmu ba. Man shafawa da filasta kuwa, malamin da na tambaya ya ce ba su karya azumi tunda ta fata suke shiga. Ƙwaya da kafso a mayar da su tsakanin buɗa-baki da sahur.

Zinariya_Gangare

Malama, tunda an shigo nan, akwai waɗanda ke damuwa da abin da aka yi maganin da shi. Premarin, wani nau'in maganin istirojin, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake samo shi, sunan ma daga nan ya fito. Kafson furojestaron mai suna Utrogestan kuma ɓawonsa na jelatin ne, wanda ake samowa daga jikin dabbobi. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta faɗa wa likita, domin akwai wasu hanyoyin.

Maman_Gyang

Ni furojestaron ne ya wahalar da ni, ba istirojin ba. Duk kwanakin da nake shansa sai in koma mai kuka ba dalili, in yi ta faɗa da yara, har a coci ma na daina shiga cikin zumuntar mata saboda ba na son a yi mini magana. Maigidana ne ya fara lura cewa abin yana zuwa a kwanaki iri ɗaya kowane wata. An canza mini nau'i sau biyu, a ƙarshe aka sa mini robar mahaifa ta Mirena, wadda ke sakin homon ɗin a cikin mahaifa kai tsaye kuma take ba da wannan kariya har shekara biyar. Na yi wata huɗu ina ɗigon jini kafin ya tsaya, amma hankalina ya dawo jikina. Daga farawa zuwa samun daidaito na ɗauki kusan wata goma sha huɗu. Maman Walida, mako bakwai farkon tafiya ne, 'yar'uwa.

Hajiya_Rayfield

Ni ma da aka ƙara mini istirojin a shekara ta biyu, likita ta sake duba adadin furojestaron ɗin, ta ce idan ɗaya ya hau sai a duba ko ɗayan ya isa. Shi ya sa ba na son mace ta riƙa ƙara matsi da kanta don ƙawarta tana yin uku.

Bilki_Farin_Gada

Ku yi haƙuri da ni, shekaruna 38 kawai, amma an cire mini mahaifa da ƙwayayenta bara saboda ƙarin da ya cika ta. Cikin mako guda zafin ya rufe ni. An ba ni istirojin shi kaɗai, an ce in ci gaba aƙalla har in kai shekarun da mata ke daina haila, wajen 51, saboda ƙashi da zuciya. Dangin mijina suna ta cewa in daina, wai zan saba da magani. Abin da ke damuna shi ne duk da maganin, bushewar gaba da zafin fitsari ba su tafi ba, kuma na kasa buɗe baki in faɗa wa likitan saboda namiji ne.

Dakta_Binta_J

Bilki, ƙanwata, ki ci gaba da maganinki. Ke ana mayar miki ne da abin da jikinki zai ci gaba da samarwa da ba a yi aikin ba, lissafinki daban yake da na mai shekara 60. Bushewar da kika faɗa kuma tana da nata maganin, istirojin ɗan kaɗan da ake sawa a gaba, na shafawa kamar Ovestin ko na ƙwaya, kuma ana haɗa shi da wanda kike sha. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai. Idan baki ya yi nauyi, ki rubuta a takarda ki miƙa masa, ko ki nemi ganin likita mace. A JUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da asibitin ƙwararru na jiha da asibitin Jankwano duk akwai sashen mata.

Abu ɗaya zan ƙara ga kowa. Ba kowace gajiya ko bugun zuciya ko mantuwa ce daga yankewar haila ba. Ciwon maƙoƙo, ƙarancin jini da ciwon suga suna kawo irinsu. Idan an ƙara homon sau biyu ba a ga canji ba, a duba waɗannan. Mai shan maganin maƙoƙo kuma ta sani ƙwayar istirojin na iya sa a sake daidaita mata shi. Kuma wannan magani ba ya hana ɗaukar ciki ga wadda haila ba ta gama yanke mata ba.

Ummu_Hafsat72

Na karanta duka, kuma na janye maganar da na yi cewa babu dalili, musamman bayan na ji Bilki da Anti Talatu. Amma ni dai ina nan a kan nawa, tunda ina iya ɗauka. Yayata ta yi sankarar mama, ita ma zafin yana damunta ƙwarai, kuma an hana ta homon. Ita ba ta da mafita ke nan?

Dakta_Binta_J

Tana da ita. Akwai magungunan da ba homon ba da ke rage zafin, irin su venlafaxine da gabapentin, amma likitan sankararta ne zai zaɓa, domin wasu magungunan wannan rukuni, kamar paroxetine, suna rage ƙarfin tamoxifen, maganin da ake ba masu sankarar mama. Kada ta sha haɗin gargajiya da ake tallatawa don wannan matsala ba tare da ta nuna masa ba.

Gwaggo_Rikkos

Ni tambayata ita ce yaushe ake dainawa. Na shiga shekara ta shida, wani likita ya ce ya isa, wata ta ce babu ƙayyadadden lokaci, a riƙa dubawa duk shekara. Ga tsada kuma. Na gwada yankewa lokaci ɗaya da maganin ya ƙare, na ga abin da ya biyo baya. Akwai wadda ta sauka a hankali ta dace?

Hajiya_Rayfield

Gwaggo, ni yanzu nake kan saukowa. Na koma rabin adadin tun bayan Babbar Salla, da sanin likita. Zufa takan zo sau ɗaya ko biyu a mako, ina iya jurewa. Ban san yadda za ta kasance ba idan na kai ƙarshe.

Maman_Walida

'Yan'uwa, na dawo da labari. Na samu an matso mini da ranar, na ga likita shekaranjiya, na kai mata takardar da na rubuta ranakun ɗigon jini kamar yadda Sista Ladi ta ce. Ta auna jinina ta ga ya ɗan hau, ta tura ni hoton mahaifa, ta ce akwai ƙaramin ƙari amma shimfiɗar ba ta yi kauri ba. Ta cire ni daga ƙwaya ta mayar da ni kan man shafawa matsi ɗaya, kafson dare yana nan yadda yake, ta ce abu ɗaya za mu riƙa canzawa a lokaci guda don mu san wanne ya yi aiki. Tun da na matso da abincin dare zuwa bayan magariba, nauyin kan asuba ya ragu. Tsamin maman yana nan tukuna, kuma daren jiya zufa ta tashe ni sau ɗaya, abin da na kwana biyu ban gani ba. Anti Zinariya, da kike kan matsi ɗaya, tun makon farko zufar ta dawo miki, ko sai daga baya? Gwaggo, a wane gefen gari kike samun man idan ya yanke a Taminus?